DAGA YAMAI ZUWA DAMAGARAM: BIN SAWUN MURYAR DA TA RIGA KWALTA ISA



Tsakanin Yamai da Damagaram akwai tafiyar kilomita wajen 900. Motar fasinja ta yau takan tashi kafin kiran assalatu, in Allah ya kiyaye hanya ta sauke mutane da dare. Iyayenmu kuwa kwanaki suke yi bisa kamyo, cikin rairayi da gargada, in damina ta sauka kuma sai yadda Allah ya yi. Amma tun kafin a shimfiɗa kwalta akwai wani matafiyi da ke yanke wannan hanya kowace safiya cikin ƙiftawa da bismilla, ba ya biyan kuɗin mota, ba ya tsayawa shingen jandarma. Wannan matafiyi shi ne muryar gidan rediyon ƙasa.

A wannan mako mun so mu bi sawun muryar nan zango-zango, mu ga abin da take kai wa kowane gari daga asuba zuwa dare, da abin da take kwasowa daga gare shi. Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka. Mu dai a Nijar kunne ya riga ƙafa sanin faɗin ƙasa.

YAMAI, DA ASUBA

Gidan rediyon ya fara magana a 1958, da sunan Radio-Niger. Shekara ce mai nauyi a tarihinmu. Ranar 28 ga Satumba aka yi ƙuri'ar "i" ko "a'a" ta Janar De Gol, wadda Jibo Bakari da jam'iyyar Sawaba suka nemi a ce "a'a". Ranar 18 ga Disamba aka kafa Jamhuriya. Ranar 3 ga Agusta 1960 kuma aka samu mulkin kai. Ke nan rediyo da Jamhuriya tagwaye ne, shekara ɗaya aka yi musu suna.

Wata ma'aikatar Faransa mai suna SORAFOM ita ce ta kafa gidan, kamar yadda ta kafa irinsa a sauran ƙasashen da Faransa ke mulka, tana kuma horar da ma'aikatan Afirka a wata makaranta kusa da Paris. A 1967 aka kafa ma'aikatar ƙasa ta ORTN, wadda a 2022 aka mayar da sunanta RTN. Yamai ta lokacin mulkin kai ƙaramin gari ce, mutanenta wajen dubu 30 ne, babu ko gada bisa kogi sai a 1970. Tun 1926 Nasara suka ɗauko babban birni daga Damagaram suka kawo nan, amma ga mutumin Tasawa ko Magarya, Kano da Katsina sun fi Yamai kusa da ƙafa, sun fi ta kusa da zuciya. Aikin da aka ɗora wa turakun ƙarfe da aka kafa a Gudel, gefen kogi, shi ne su rage wannan nisa.

A farkon zamani ba wuni ake yi ana magana ba. Akan buɗe da safe, a rufe, a sake buɗewa da tsakar rana, sa'an nan a yi doguwar hira ta maraice. Mai akwati yakan kunna tun kafin lokaci, ya ji busar sarewa da ke shaida masa cewa ya kama Yamai. Sai taken ƙasa, wanda aka yi amfani da shi daga 1961 har 2023. Sai karatun Alƙur'ani mai girma. Daga nan labaru, da Faransanci tukuna, sa'an nan da Hausa, da Zabarmanci, da Barbarci, da Fillanci, da Buzanci, kowane harshe da rabonsa.

Nan ne wani babban aiki ya faɗa kan mutanen da ba a cika tunawa da su ba, wato masu fassara. Takarda ta zo daga buron minista da Faransanci mai tsauri, ga agogo na tafiya, dole mai fassara ya nemo yadda zai faɗa wa manomi abin da ake nufi da kasafin kuɗi, ko ƙidayar jama'a, ko majalisar dokoki. Kuma dole ya faɗe shi yadda Ba'adare mai cewa "munka zo" da Badamagare mai cewa "muka zo" za su gane baki ɗaya. Hausar hukuma da muke rubutu da ita a yau, a bakin makirfo aka sassaƙa mai yawa daga cikinta.

DOSO DA DOGON DUTSI, DA HANTSI

Da an bar Yamai aka nufi gabas, sai a ratsa Dallol Boso a isa Doso, birnin Zarmakoy, bayan kilomita wajen 140. Gaba kaɗan harshe ya soma juyawa, har a hango jan dutsen da ya ba Dogon Dutsi sunansa, ƙofar ƙasar Arewa. Gonakin hatsi ne dama da hagu, da rumbuna, da ƙauyuka masu rijiya ɗaya. Mutanen irin waɗannan ƙauyuka su ne mafi yawan ƴan ƙasa, su ne kuma ba su da kuɗin sayen akwati a shekarun farko.

Akwatin farko babba ne, mai cin wuta, sai gidan kumandan, ko sarki, ko babban attajiri. Ƙaramin akwati mai aiki da pil, wanda ake kira taransisto, shi ya kai rediyo karkara a shekarun 1960, har ya hau bayan raƙumi, ya shiga kayan lefe, aka ɗinka masa riga don ƙura.

A 1962 aka kafa ƙungiyar Radiyo-Kulob ta Nijar, kuma dabararta abin alfahari ce. Akan ba wani mai ilimi a gari, galibi mushen lakwal ko ma'aikacin asibiti ko malamin gona, akwati da na'urar ɗaukar murya. Ya zaga ya tambayi mutane ra'ayinsu kan wata magana, a aika da muryoyin Yamai, a harhaɗa su cikin shiri guda. Ran da aka saki shirin, jama'a su taru a dandali su saurara, bayan an kashe akwati a zauna a yi muhawara, a sake aika sakamako. Maganganun kuwa na rayuwa ne: wanke iri da magani kafin shuka, lambar ƙyanda da ta agana, tsabtar bakin rijiya, bashin kayan noma, karatun yaƙi da jahilci na manya.

Abin lura a nan shi ne, talaka ya ji muryar talaka ɗan'uwansa tana fitowa daga akwatin da shugaban ƙasa ke magana a ciki. Tsoho a ƙasar Arewa ya ji yadda manomin Matamai ke fama da irin matsalarsa. Gaskiya ne, gidan na gwamnati ne, kuma zamanin jam'iyya ɗaya ne, tun da an haramta Sawaba a 1959. Akwai abin da ba a faɗi, akwai wanda ba a miƙa wa makirfo. Duk da haka, gidan rediyon da ya aika kunnensa ƙauye kafin ya buɗe baki ya yi abin da har yau ba kowa ke yi ba.

ƘWANNI, DA TSAKAR RANA

A Birnin Ƙwanni, kilomita wajen 420 daga Yamai, mota kan tsaya a ci abinci a yi salla. Ilela ta Najeriya na nan kusa, Sakkwato kuma ba nisa. Masu canji na zaune da damin naira da sefa, ƴan kabu-kabu na kai da kawo. Garin iyaka ne, kuma a garin iyaka mutum ba ya rayuwa da kunne ɗaya.

Akwatin da ke kama Yamai shi ne ke kama duniya. Sirrin yana ga gajeren zango: muryar takan tashi sama ta bugi wani rufi na iska can ƙololuwa, ta dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita. Rufin nan yana sauyawa tsakanin rana da dare, shi ya sa tashar da ta fito tangaran da safe takan shiga shuu da rana, dole a koma wani mita. Dattawan da ba su taɓa shiga lakwal ba sun san mita 31, da 49, da 60 kamar yadda suka san hanyar gonarsu.

Sashen Hausa na BBC ya fara a watan Maris 1957, ya girmi Radio-Niger da shekara guda. Rediyon Kaduna ya zo a 1962. Jamus, da Masko, da Sin, da Alƙahira duk sun buɗe sassan Hausa, Muryar Amurka ta biyo baya a 1979. Saboda haka mai sauraro na wannan yanki ya koyi awo tun da wuri: ya ji Yamai, ya ji Kaduna, ya ji London, sa'an nan ya ɗora su bisa sikeli. Haka aka bi labarin yaƙin basasar Najeriya daga 1967 zuwa 1970. Haka kuma ranar 15 ga Afrilu 1974, da aka kunna akwati aka ji kiɗan soja a maimakon abin da aka saba, kowa ya san an kwana da wani abu. Laftanan-kanal Saini Kunce ya kifar da gwamnatin Jori Hamani. A wannan shekara gidan ya samu sunan da muka san shi da shi, Muryar Sahel.

TAWA, INDA HANYA TA RABU

Kaɗan bayan Ƙwanni, a Tsarnawa, hanya takan rabu, ɗaya ta yi arewa zuwa Tawa da Agadas. Motar Damagaram ba ta bi can, amma mai bin sawun rediyo ba zai wuce ƙasar Adar bai ratse ba, domin daga nan akwati ya samo ɗaya daga cikin muryoyin da suka fi zama a zukatan mutane, wato Ɗan Gurmu, wanda daga baya aka sa wa gasar mawaƙa ta ƙasa sunansa.

Kafin rediyo, mawaƙi na ubangidansa ne. Makaɗin fada sai a ƙofar fada, makaɗin noma sai a gayya, makaɗin mahauta sai a mahauta. Wanda bai je wurin ba bai ji ba. Na'urar ɗaukar murya ta kwance wannan ƙulli. Matar da ke cikin kulle ta ji abin da ake kaɗa wa sarki. Bahaushe ya ji Hawa Zale da Buli Kakasi suna waƙa da Zabarmanci, ya riƙe amon ko bai ji kalmomin ba. Bazabarme ya ji gurmi da kalangu. Dukansu suka ji tenden Buzaye, da sarewar Fulani, da algaitar Barebari. Daga Kaduna ga Mamman Shata, ga Ɗanƙwairo, ga Ɗan Maraya. Ƴan birni kuma aka sa musu faifan Kwango da na Kuba, har ƴan ƙasa irin su Alhaji Taya suka kafa nasu ƙungiyoyin kiɗan zamani. A 1978 Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na molon lantarki mai madannai a gidan rediyon ƙasa, aka daɗe ana sa shi tsakanin shiri da shiri, mutane da yawa sun haddace shi ba su san mai shi ba.

A Tawa ne kuma aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe. Filin kokowa mutum dubu kaɗan yake ɗauka, sauran ƙasa a bakin akwati take tsaye. Mai sharhi ya zama idon miliyoyi: ya faɗi shigar ɗan kokowa, da layunsa, da kirarinsa, da yadda aka sarƙe, har zuwa faɗuwa. A ranakun nan kanti kan rufe da wuri, buro kan yi shiru, mai pil kuma ya yi ciniki.

MARAƊI, DA LA'ASAR

An dawo babbar hanya, an wuce Galmi mai albasa, an wuce Madawa, sai Maraɗi, kilomita wajen 660 daga Yamai. Wannan gari na Katsinawa da alhazai ba ya sauraron rediyo don nishaɗi kawai. Nan labari jari ne.

A zamanin gyaɗa, bayan kafa kamfanin SONARA a 1962, ranar buɗe ciniki da farashin da hukuma ta yanke ta akwati ake jin su. Manomin da ya ji farashi da kunnensa ya fi wuyar cuta a bakin sikeli. In kunne ya ji, jiki ya tsira. A watan Afrilu 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya ta canza takardun naira, ga fari ya haɗu da rufin iyaka, har mutane suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan El-Buhari. A watan Janairu 1994 kuma aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa da ake saye dala goma ya koma dala ashirin cikin dare ɗaya. A irin waɗannan ranaku, tazarar da ke tsakanin wanda ya kwana da akwati a kunne da wanda ya jira a gaya masa a kasuwa, tazara ce ta dukiya.

Amma shirin da ya fi kowane tara kunnuwa shi ne mafi rashin ado, wato sanarwa. Ana sanar da dangi na nesa rasuwar wane, da ranar addu'a. Ana cigiyar yaro, ko raƙumi, ko saniya mai tambari kaza. Ana kiran maniyyata su hallara don tashin jirgi. Ana shaida ganin watan azumi da na salla. Ma'aikaci kuma ya kasa kunne ga sakamakon taron ministoci, domin a nan yake jin an ɗaga shi, ko an sauke shi, ko an tura shi wani gari mai nisa, tun kafin takarda ta iso. A ƙasar da wasiƙa ke yin makonni a hanya, wayar tarho kuma sai gidan waya da buron hukuma, sanarwa ita ce ta riƙe zumunci.

Bayan sanarwa sai gaishe-gaishe. Mutanen Maraɗi sun yi suna wajen aika katin Zaɓi Sonka zuwa Kaduna, mutum ya jera sunayen abokai da ƴan'uwa, ya zaɓi waƙa. Ta haka mai shago a nan ya san sunan tela a Gusau ko direba a Kumasi shekara da shekaru kafin su haɗu, wasu ma har aka kai ga ziyara da auratayya.

DAMAGARAM, DA DARE

Bayan Tasawa da Takeita, manyan duwatsu masu kama da giwaye a kwance su ke shaida wa matafiyi ya iso Damagaram. Ga Birni da fadar Sultan, ga Zango na fatake mai gidajen zane. Tsohon babban birni ne da aka ƙwace wa kujera, amma a fagen hirar dare ya rama. Nan ne garin Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fada. Nan aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a 1976, zamanin Samariya. Nan kuma wasan kwaikwayo na Hausa ya yi ƙarfi, har sunan Yazi Dogo da abokan wasansa ya shiga kowane gida, ta rediyo da talabijin.

Wasan rediyo ba shi da dandali, ba shi da tufafi. Ƙarar buɗe ƙyaure, da sallama, da tarin tsoho sun isa mai sauraro ya gina gidan a cikin kansa. Ƴan wasan sukan shirya ƙashin labari, sauran magana kuwa daga baki take fitowa nan take, shi ya sa Hausarsu ta zama irin ta tsakar gida. A cikin raha suka taɓo abin da mai karanta labaru ba zai iya taɓawa ba: ma'aikaci mai karɓar na goro, alhaji mai auri-saki, boka maƙaryaci, rigimar gado, ɗan lakwal da ya raina iyayensa. Kowa ya yi dariya, kowa kuma ya san wanda ake nufi a unguwarsu.

Abin da ya kamata mu riƙe shi ne yadda ake sauraro. Akwati ɗaya ne a gida, ko a zaure, ko a teburin mai shayi. Wanda ya zo don waƙa dole ya ji bayanin likita. Wanda ya zo don labaru dole ya jira a gama na Fillanci. Malami ya ji kokowa, ɗan kokowa ya ji wa'azi. Wannan gauraye, da wasu ke gani kamar kwaɗon da aka haɗa da gaggawa, shi ne ya koya mana haƙurin zama da juna. In dare ya yi nisa a rufe da karatu da taken ƙasa, a cire pil a ajiye don gobe.

ABIN DA YA RAGE A HANNUNMU

Zamani ya juya. A 1991, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, jama'a sun bi muhawarar babban taron ƙasa ta akwati, suka ji ana yi wa manya tambayoyin da da ko a ɗaka ba a yi. A 1994 rediyo mai zaman kansa na farko, R et M, ya buɗe a Yamai, su Anfani da Tenere da Sarauniya suka biyo baya, sa'an nan gidajen rediyon karkara. An samu ƴancin baki, kuma ba mai son a koma baya. Sai dai tashar FM garinta da kewayensa take ji, wayar salula kuwa kowa da tasa, kowa da abin da yake so. Mun ƙaru da bakuna, mun ragu da zama wuri ɗaya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan gaggawa. Muryoyin da muka ambata, na mawaƙa, da ƴan wasa, da dattawan Radiyo-Kulob, da masu ba da tarihin garuruwa, bisa zaren ɗaukar murya aka ajiye su. Zaren nan ba ya shiri da zafi, ba ya shiri da ƙura, in ya daɗe yakan manne ko ya gutsure, na'urorin da ke karanta shi kuma an daina ƙera irinsu. Masu muryoyin da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Zare ɗaya in ya lalace, ba mai sake rera abin da ke cikinsa. Kiɗan Mamman Sani ya dawo kunnen duniya a 2013 don kawai an samu kaset ɗinsa da rai.

Saboda haka muna kira ga ma'aikata masu riƙe da mabuɗan ɗakunan ajiya, a Yamai da tashoshin jihohi, su ɗauki kwafe waɗannan muryoyi zuwa kwamfuta a matsayin aikin yau, a rubuta sunan mai magana, da garinsa, da shekara, tun masu iya shaida su suna raye. Muna kira ga alhazanmu ƴan kasuwa, waɗanda Allah ya sa suka gina masallatai da makarantu, su tuna da wannan aiki. Wanda kuma ke da tsofaffin kaset a cikin adaka, na mahaifi ko na kaka, kada ya bar wa gara da yara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kwalta in ta fashe akan sake zuba wata. Muryar wanda ya tafi ba ta da madadi. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka yi wannan aiki, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari. Sai wani mako, in Allah ya kai mu.